Bahago da Gidan Man Surukinsa

Duk wanda ya zauna a Kwarbai cikin birnin Zariya a shekarun tamanin, in dai ya taɓa kunna fitila ko risho, to ya san Bahago mai kananzir. Sunansa na yanka Abdullahi, amma ban da ranar ɗaurin aurensa ba wanda ya tuna an kira shi da shi. Gidansu gidan ɗinkin hannu ne kaka da kakanni, masu yi wa manyan riguna aiki. Shi kaɗai ya fito da hagu. Mahaifinsa ya yi lallashi, ya yi faɗa, har ɗaure masa hannun an yi, amma da an ba shi allura sai aikin ya karkace ya nufi inda ba a aike shi ba. Ranar da ya ɓata wuyan rigar wani attajiri, tsohon ya karɓe allurarsa ya ce ya je ya nemi sana'ar da ba ruwanta da dama ko hagu.

Haka ya faɗa kananzir. Ya fara da galan da mazurari a gindin katanga, a hankali ya sami ɗan shago kusa da masallacin unguwa, ya sa duro biyu, ya rataye lagwani da ƙwan fitila a bakin ƙofa. Shagon ba wani abin a zo a gani ba ne. In ya miƙe hannuwansa sai ya kusa taɓa bango da bango, ga wari da ya kama rigunansa har sabulu ya sallama. Amma Bahago na son shagon nan kamar ransa. Ya san kwalbar kowane gida. Ya san masu toshe tasu da tsumma, ya san masu toshewa da totuwa, ya kuma san gidan da in kwalbarsu ta kwana biyu ba ta zo ba, to ko ciwo ne ko babu ce, sai ya cika wata kwalbar ya aika bai ce komai ba. Wutar lantarki a lokacin baƙuwa ce, ta leƙo ta koma, don haka kasuwarsa ba ta taɓa mutuwa ba. Bai yi arziki ba, bai kuma taɓa kwana da yunwa ba.

Matarsa Sailuba 'yar Limancin Kona ce, 'yar farin Alhaji Aƙilu. Shi Alhaji mutum ne mai rufin asiri, yana da fijo, yana da gonaki, yana kuma da ɗan gidan mai a Tashar Ɗinya, wani ƙaramin gari da ke gaba da Wusasa a kan tsohuwar hanya. Tsakanin Bahago da surukin nan nasa akwai kunya irin ta mutanen da. In Bahago ya hango fijon a bakin lungu, sai ya tuna yana da uzuri a wani lungun. In kuwa suka yi kiciɓis ba makawa, sai ya zube ya gaishe da ƙasa, Alhaji ya amsa wa katanga, kowa ya kama gabansa yana hamdala. Shekaru suka yi ta tafiya a haka, ba faɗa ba gaba. In ka sami kowannensu shi kaɗai, sai ya cika maka kunne da yabon ɗayan.

Bakinsa ne ya jawo masa. Ranar sunan ɗansa na uku, ana zaune a zaure bayan an raɗa suna, abokai suka sa shi gaba da tsiya. Wani ya ce ko naman sunan ma kananzir yake yi, wani ya ce a nisanta shi da masu shan taba kada zauren ya tashi. Bahago ya yi dariya har ya gaji, daga baya abin ya soma cinsa, ga baƙi daga dangin matarsa suna ji. Sai ya gyara hula ya ce, "Ku yi ta yi. Ni ɗin nan da kuke gani, gidan mai sukutum nake shirin kamawa haya. Ranar za ku turo baburanku kuna cewa Alhaji a taimaka." Aka kwashe da dariya, aka shiga wata hirar. Kafin la'asar shi kansa ya manta ya faɗa.

Malam Jibril bai manta ba. Jibril dillali ne, abokin Bahago tun na ƙuruciya, mutum mai kyakkyawar zuciya da ƙafa mai ƙaiƙayi. Aibinsa guda ne: in ka ba shi magana kamu ɗaya, kafin ya kai ta inda za ta, ta zama turmin atamfa guda. Bai yi shawara da kowa ba ya wanke ƙafa ya tafi Limancin Kona, ya gaya wa Alhaji Aƙilu cewa surukinsa ya daɗe yana sha'awar gidan man Tashar Ɗinya, ko barci ba ya yi, kunya ce kawai ta ɗaure masa baki. Alhaji ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Ai ɗana ne. In yana so, ya ɗauka." Jibril ya dawo Kwarbai yana haki, ya sami Bahago yana auna wa wata tsohuwa rabin kwalba.

"Albishirinka! Alhaji ya ba ka hayar gidan mai. Ya ce tun tuni yake jira ka nema, har ya fara zaton raina abin nasa ka yi."

Kananzir ya zube a ƙafar tsohuwar, ta yi ta sababi, Bahago bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya so ya ce wasa yake yi, to amma yaya za a koma wa dattijo kamar Alhaji a ce masa wasa ne, bayan har ya fara zaton an raina abinsa? Sai ya ji bakinsa ya ce, "Allah ya saka masa da alheri." Jibril ya ɗauki wannan ma ya mayar Limancin Kona, inda ta isa a matsayin Bahago ya yi kuka don murna.

Daga nan abin ya fi ƙarfinsa. Hayar kanta Alhaji ya ce ba sai an yi maganarta yanzu ba, amma gidan mai ba ya tafiya da tanki busasshe, dole wanda ya karɓa ya zuba man farko da aljihunsa. Bahago ba shi da inda zai samo wannan sai ya rabu da shagon. Jibril, da ba ya barin alheri a rabi, har ya samo mai saye: telan da ke maƙwabtaka da shagon, wanda ya daɗe yana son ya fasa bangon ya ƙara keken ɗinki. Aka tsayar da magana cewa ranar wata Juma'a bayan an sauko masallaci za a kira shaidu a raba goro, a yi fatiha kan gidan man, a miƙa wa tela makullin shago.

Kafin ranar, Bahago ya shiga bas ya je ya ga abin da aka ba shi. Ya tarar da famfo biyu da fentinsu ya koɗe, da rumfar kwano, da wata ɗinya a gefe. A ƙarƙashin rumfar wani dattijo mai furfura na zaune yana gyaran rediyo. Wannan shi ne Yona, mutumin Wusasa, wanda ke ba da mai a wurin tun ranar da aka buɗe shi. Ya karɓi Bahago hannu biyu, ya zaga da shi, ya nuna masa bakin tankunan da ke binne da sandar da ake zurawa a ga yawan mai. Sannan ya kai shi bayan gidan ya nuna masa can nesa, inda katafila da tifa ke ta kai da komo.

"Ka ga wancan? Sabon titi ne mai hannu biyu, na Kaduna zuwa Kano. Tun da aka buɗe ɓangare guda manyan motoci suka daina biyowa ta nan. In aka gama shi, sai dai akuya ta zo shan mai."

"Alhaji ya sani?"

"Gidansa ne fa," in ji Yona, ya koma kan rediyonsa.

Bahago ya zauna a wurin tun hantsi har azahar. Ya ga kekuna, ya ga jakuna da mangalar yashi, ya ga wani mai babur da ya tsaya, shi ma hanya ya tambaya. Ya kamo hanya ya dawo birni. Abin da ya fi damunsa ma ba rashin cinikin ba ne. Shi ko da gidan man nan na tsakiyar Sabon Gari ne ba ya so. Tsoron fetur yake yi, bai iya hira da direbobi ba, kuma duk yinin da ya yi a can ba wanda ya kira shi da sunansa. Shagonsa yake so, da warinsa da ƙuncinsa da kwalaben mutane.

Ya yi niyyar gaya wa Sailuba, sai ya tarar ta riga shi da murna. Ta daɗe tana jin 'yan uwanta na ce mata matar mai kananzir, yau ga shi mahaifinta ya tsallake kowa ya ɗauki gidan mai ya ba mijinta. Har sabuwar shadda ta sa aka yanko masa da kuɗin adashinta, wai kada ya je gaban shaidu yana wari. Ya dubi fuskarta, ya fasa faɗa. Ko da ya faɗa ma ba ta da yadda za ta yi, don ita 'yar fari ce, mahaifinta ko sunanta ba ya kira, tsakaninsu gaisuwa ce daga bayan labule. Ya koma wurin Jibril ya ɗan fara kame-kame, Jibril ya ce duk mai shirin zama babban mutum haka yake ji. Bahago ya rame. Tela kuwa kullum sai ya leƙo ya ƙwanƙwasa bangon da ɗan yatsa yana sauraren kaurinsa, kamar mai taya kankana.

Mutum ɗaya ya rage a duk dangin da Bahago ke iya buɗe baki gabanta, ita ce Hajo, mahaifiyar Alhaji, kakar Sailuba. Tsohuwa ce tukuf, ido ya yi rauni amma harshe na nan garau. Da yake mijin jikarta ne, wasa ke tsakaninsu: ita ta ce masa angonta marowaci, shi ya ce mata amaryar da ba ta da haƙori. Duk mako yakan kai mata kwalbar kananzir a lokacin da ya tabbata fijon ba ya ƙofar gida. A makon da za a yi fatihar ya kai, ya zauna a bakin ƙofar ɗakinta ya yi tsuru.

"Yau kuma angon nawa wa ya mutu?" in ji ta. "Ko tun ba ka zama mai gidan mai ba har ka fara yi mini girman kai?"

"Tsohuwa, ɗanki zai kashe ni da alheri."

"To mutu mana, in ci gado."

Ya yi dariyar dole, daga nan kuma sai ya kwance mata komai, tun daga tsiyar da aka yi masa ranar suna har zuwa ƙwanƙwasar tela. Ya ce ba ya son gidan man, bai taɓa so ba, kuma in ya bar shagon nan bai san ko shi waye ba. Yana faɗa idonsa ya kawo ruwa, ya yi sa'a ba ta gani sosai.

Hajo ta fashe da dariya har tari ya sarƙe ta, sai da ya miƙa mata ruwa. Ya roƙe ta don Allah ta gaya wa Alhaji ta yadda ba zai ji zafi ba.

"Ni? Allah ya kiyaye. Ai saƙo ne ya kai ku nan, ba zan ƙara wani a kai ba. Gobe da hantsi ka tafi Tashar Ɗinya. Zan ce masa ya je, ni na haife shi, zai je. Ka buɗe bakin nan naka da ya iya cika a zaure, ka faɗa masa da kanka."

"Tsohuwa, ban taɓa haɗa ido da shi ba fa."

"Wa ya ce ka haɗa ido? Da ido ake magana?"

Washegari ya shiga bas kamar wanda za a kai wa alƙali. Tun daga nesa ya hango fijon a gindin ɗinya, ya ji kamar ya ce wa direba ya zarce. Ya dai sauka. Alhaji na zaune a benci ƙarƙashin rumfa, Yona na tsaye jikin famfo. Bahago ya tuɓe takalmansa tun daga bakin kwalta, ya tako ya tsuguna can nesa, ya kwashi gaisuwa. Alhaji ya amsa yana duban rufin kwano. Aka tambayi iyali, aka tambayi kasuwa, aka tambayi damina, aka sake tambayar iyali. Gaisuwa ta ƙare, ba abin da ya rage sai maganar, kuma ba wanda ya taɓa ta.

Can Alhaji ya yi gyaran murya. "Yona, tun safe wa ya tsaya?"

"Wani mai akori-kura, Alhaji. Shi ma ruwa ya nema zai zuba a lagireto."

"Ɗaga murya, kunnena ya fara nauyi."

Yona ya maimaita da ƙarfi, ko da yake ya san kunnen Alhaji lafiyarsa ƙalau. Alhaji ya sake tambaya ko tankin gas ya daina shan ruwa da damina, Yona ya ce bai daina ba. Ya tambayi yaushe za a gama sabon titi, Yona ya ce an kusa. Bahago na tsugune yana jin duk wannan, a ransa yana cewa dattijon nan gwada shi yake yi, yana so ya ga ko zai raina kyauta don ta zo da aibi. Saura kaɗan ya ce ya gani ya gode a haka. Bakinsa har ya buɗe don ya faɗa. Sai ya tuna da yatsan tela a jikin bangonsa.

Ya dubi ƙasa tsakanin ƙafafunsa ya ce, "Baba, a gafarce ni. Ni ban nemi gidan nan ba. Suɓutar baki ce na yi ranar suna, aka ɗauka aka kawo. Ba zan iya ba, Baba. Ba na so. Shagona nake so."

Ya gama ya runtse ido yana jiran abin da zai biyo baya. Ba abin da ya ji sai kukan kurciya a kan ɗinya. Sannan Alhaji ya sauke wata ajiyar zuciya mai tsawo, ya ce alhamdu lillahi, ya sake cewa, ya cire hula ya shafa kai ya mayar.

"Yona, gaya masa," in ji shi. "Gaya masa tun ranar da aka kawo mini maganar nan tuwo bai yi mini daɗi ba. In hana, a ce na raina mijin yarinyar nan don yana auna kananzir a kwalba. In bayar, na tura jikokina rami da hannuna, ina gani. Na rasa wanda zan aika ya ce masa kada ya karɓa. Gaya masa ni dama so nake in rufe famfunan nan, in bar maka wurin, kai Yona, ka riƙa sayar da baƙin mai kana faci, ka ci abinci da shi har inda Allah ya so."

Yona ya dubi wannan, ya dubi wancan. "Alhaji, ai yana ji. Ga shi nan tsugune."

"Gaya masa dai."

Yona ya juya ya ce, "Malam Bahago, wai ka koma shagonka." Shi ma fuskarsa ta washe, don ya kwana biyu yana tunanin inda zai nufa da furfurarsa in sabon mai gida ya zo da mutanensa.

Bahago ya ji kamar an sauke masa duro daga ka. Daɗi ya kama shi, sai godiya yake ta jerowa, ba a ba shi komai ba amma bai taɓa yin godiyar da ta kai wannan fitowa daga zuciya ba. Alhaji ya ce a gaida yara. Bahago ya miƙe da baya da baya, ya ga bas ta taho daga kudu, ya daka tsalle ya shige tun ba ta gama tsayawa ba.

Sai da suka wuce Wusasa, ganuwar birni ta fara bayyana, wata mai tallan nono da ke kusa da shi ta ce, "Malam, lafiya kake tafiya ba takalmi?" Ya dubi ƙafafunsa, ga su nan fururu. Takalman na can bakin kwalta a Tashar Ɗinya, gaban surukinsa. Ya yi tunanin komawa, ya auna sake tsugunawa da sake gaisuwa, ya ce a ransa Yona ya sami takalmi.

Haka ya ratsa Ƙofar Kuyambana ya bi lunguna har Kwarbai, ƙafa ba komai, yana gaishe da mutane da fara'ar da ta sa wasu suka bi shi da kallo. A bakin shago ya tarar da tela da Malam Jibril, tela riƙe da tef yana auna inda keken zai zauna, Jibril na riƙe masa ɗaya bakin.

"Yawwa, ga mai gidan mai," in ji Jibril. "Dama muna so ka matsar da duron nan mu ga faɗin wurin. Af, ina takalmanka?"

Bahago ya sa hannun hagu ya karɓi bakin tef ɗin daga hannun Jibril, ya naɗe shi a hankali, ya miƙa wa tela.

"Na fasa," in ji shi.

Ya yi mamakin gajartar maganar. Jibril ya buɗe baki ya ce to shi yanzu me zai je ya gaya wa Alhaji.

"Don Allah Jibril, ka zauna," in ji Bahago. "Kada ka gaya wa kowa komai."